The Clink na Brixton: ranar da 'yar yayana ta kai ni cin abinci a cikin kurkuku

Rigimar daga gidan Yaya ta taso. 'Yarsa ta biyu, wadda na goya da bayana, ta gama digiri a nazarin halayyar ɗan Adam. Ana zuba ido a ji ta ce za ta nemi aikin ofis ko ta ƙara karatu, sai ta ce ita aikin gidan yari take so. Yaya ya kira ni da daddare, muryarsa a sama. "Ki yi wa 'yarki magana. Duk wahalar da muka sha a ƙasar nan, a ce ƙarshenta gandiroba za ta zama?" Ban ba shi amsa a daren ba, don ni ma kalmar ta tsaya mini a maƙoshi. Gandiroban da muka tashi muna jin labarinsa mutum ne mai kulki da tsawa, ba wanda ke yi wa ɗansa fatan ya gaje shi. Sai dai shekarata 19 ina aikin jinya a Landan, yawancinsu a dutin dare, kuma na san irin kallon da mutane ke yi wa aikin da ba su taɓa leƙa cikinsa ba.

Da na tuntuɓe ta, ba ta ja da ni ba. Cewa ta yi, "Gwaggo, kafin ki yanke hukunci, ki bari in kai ki cin abinci a ciki." Na ce a cikin ina? Ta ce a cikin kurkukun. Ta haka na san The Clink.

Gidan abinci ne sosai, da tebura da masu sabis da takardar zaɓen abinci, amma a bayan katangar kurkukun Brixton yake, a kudancin Landan. Fursunoni ke girki, su ke kawo abinci, su ke kwashe faranti, kuma mutumin gari yana iya zuwa ya ci ya biya. Wata ƙungiyar agaji ce mai wannan suna ke riƙe da shi tare da hukumar gidajen yari. Wanda ya faro abin, Alberto Crisci, shi ne mai kula da kicin ɗin kurkukun High Down a Surrey. Ya lura cewa cikin masu yi masa aiki akwai masu hannu ƙwarai, ya tsaya kai da fata har aka buɗe gidan abinci na farko a can a 2009. Na Cardiff ya biyo baya a 2012, na Brixton a 2014, na kurkukun mata da ke Styal a 2015. Sunan kuwa na wani tsohon kurkuku ne a unguwar Southwark da aka ƙona a tarzomar 1780, wanda har yau Turawan Ingila ke kiran kowane gidan yari da shi a maganar yau da kullum.

Ba wurin da za ka biyo hanya ka faɗa ba ne don yunwa ta kama ka. Kwanaki kafin ranar, sai da ta tura cikakken sunana da ranar haihuwata don a bincika. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba ya shiga. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layin Victoria, muka ɗauki bas ya haura da mu Brixton Hill, muka sauka muka bi wani ɗan titi mai suna Jebb Avenue. Gidajen mutane na gefe, motoci na wucewa, sai ga katanga ta tsaya a gabanka da waya mai ƙaya a samanta. A nan aka karɓi katin shaida mai hoto, aka duba fuskata aka duba katin. Waya, agogo mai intanet, duk wani abu mai kyamara, aka kulle a ɗan akwatin ajiya. Aka caje mu kamar masu shiga jirgin sama. Sannan wata jami'a ta zo ta shige gaba, muka bi ta.

Abin da ya fara taɓa ni ƙofofin ne. Ba a buɗe ta gaba sai ta baya ta rufe. Jami'ar za ta zaro makullin da ke ɗaure da sarƙa a ɗamararta, ta buɗe, mu shige, ta rufe, ta murɗa, sannan ta ja ƙofar da hannu ta tabbatar ta kama. Kowace ƙofa haka, ba gaggawa, ba tsallakewa. Na gane wannan hannun. Haka nake duba sunan majinyaci da na magani sau biyu ƙarfe uku na dare, ko da idona na rufewa. 'Yata ta raɗa mini cewa jami'an nan ba sa riƙe bindiga. Oba-oba suke ɗauka, da kulki, da kyamara a ƙirji, a gidajen maza manya kuma har da feshin barkono. Ita wannan matar ba ta fi ni tsawo ba, kuma duk fursunan da muka gifta a tsakar gidan sai da ta gaishe shi da sunansa.

Ginin da ake cin abincin tsohon gidan yarin kurkukun ne, wato shugaban wurin, tun na 1819. A wannan harabar ce a 1821 aka kafa wata ƙatuwar dabaran katako mai matakala, fursunoni su jeru suna takawa awa da awanni tana juyawa tana niƙa hatsi, kuma daga nan abin ya yi suna ya bazu. Nan aka tsare masanin falsafa Bertrand Russell a 1918 saboda abin da ya rubuta kan yaƙi. Yau Brixton na rukuni na uku ne cikin rukunai huɗu na gidajen yarin maza, inda ake ajiye waɗanda ake shirya wa komawa gari.

Da muka shiga ɗakin, ba don sandunan ƙarfen da ke jikin taga ba, da sai in ce wani gidan abinci ne na tsakiyar birni. Haske mai laushi, kujerun da fursunoni suka ƙera, zane-zanensu a bango. A kan teburi ne za ka tuna inda kake: cokali da wuƙa da cokali mai yatsu duk na roba ne. Barasa babu ita ko ɗigo, abin da ya sa na zauna da natsuwar da ba kasafai nake samu a gidajen abincin birnin nan ba. Kuma da yake babu mai waya a hannu, kowa hira yake da wanda ya zo da shi. Rabon da in zauna awa biyu da yarinyar nan ba wadda ta sunkuyar da kai ga allo, har na manta.

Wanda ya yi mana sabis dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa. Ya ja mini kujera, ya ce, "Madam, barka da zuwa," ya jero mana abin da ke akwai da ka, har da abin da ke cikin kowane ɗaya. Na tambaye shi wanne ne babu nama a ciki, ya nuna mini uku ba tare da ya duba takarda ba. Da zai zuba mini ruwa, na ga hannunsa yana ɗan rawa, ya sa ɗayan ya tallafe ƙasan tulun har kofin ya cika, ko ɗigo bai zuba a teburi ba. Ɗalibai nawa na tsaya a kansu ranar allurarsu ta farko, irin rawar nan ce. Ta wanda yake so abin ya yi kyau ce. Tun a bas 'yata ta gargaɗe ni, "Gwaggo, don Allah kar ki tambaye shi abin da ya kawo shi." Ban ma ji sha'awar tambaya ba. Mutum ne a bakin aikinsa.

Abincin yana sauyawa da yanayin shekara, don haka abin da na ci ba lallai shi za ku tarar ba. Na fara da miyar kabewa mai kauri, an niƙe ta sumul, da ɗan yaji-yajin citta a ƙarshen harshe, ga burodi mai ɗumi da ɓawonsa ke ƙara in ka gutsura. Sai gasasshen kifi a kan dankalin Turawa da aka murƙushe, da ganye a gefe. A kifi ake gane kuku, don minti ɗaya ke raba mai daɗi da busasshe. Wannan fatarsa ta soyu ta yi ƙaras, tsokar kuwa fara tas tana rabewa da kanta, har wuƙar robar ba ta sha wahala ba. Gishiri daidai. Ita ta ci wani haɗin kayan lambu da aka gasa, na ɗanɗana, na kuma ƙara ɗanɗanawa. Muka rufe da kek ɗin tuffa mai ɗumi da shayi. Ban zo da niyyar yin sassauci ba, ban kuma bukaci yin sa ba. Da a ce ban san wanda ya dafa ba, da hukuncina bai sauya ba, kuma ina ganin wannan ita ce girmamawar da ta fi dacewa da su. Na fahimci dalilin da ya sa wurin ya daɗe yana cikin na sama-sama a jerin gidajen abincin Landan a Tripadvisor, shafin intanet da masu cin abinci ke bayyana ra'ayinsu.

Amma inda idona ya fi daɗewa shi ne bakin ƙofar kicin. Akwai wani mutum a tsaye a wurin, ba fursuna ba, malamin sabis ne daga ma'aikatan ƙungiyar. Duk farantin da zai fito sai ya bi ta gabansa. Na ga wani saurayi ya ɗauko faranti biyu zai wuce, malamin ya ɗan ɗaga yatsa, saurayin ya tsaya. Bai ce masa uffan ba, ya dai nuna gefen farantin da ido. Saurayin ya duba, ya ga ɗigon miya, ya ɗauki ƙyalle ya goge da kansa, ya gyara riƙonsa, ya wuce. Da ya dawo, malamin ya gyaɗa masa kai sau ɗaya. Shi ke nan. Ba wanda ya lura a ɗakin sai mai neman gani. Da malamin ya karɓi ƙyallen ya goge da kansa, da an fi sauri. Da ya daka masa tsawa, da yaron ya goge, amma da abin da zai koya shi ne tsoron malam, ba ganin ɗigo ba. Na taɓo 'yata na ce ta kalla. Ta ce, "Shi ne aikin, Gwaggo. Sau ɗari a rana."

A nan ta buɗe mini yadda tsarin yake. Ba tilasta wa kowa ake yi ba, fursuna ne ke nema, a tantance shi, kuma galibi sai wanda ya rage masa wata 6 zuwa 18 ya fita. Awa 40 suke yi a mako, kamar kowane ma'aikaci a waje, suna tashi kan lokaci suna tsayawa har a gama. Suna fita da takardar shaidar sana'a ta City & Guilds, irin wadda ɗan kwaleji ke samu, wadda manajan otal ya san darajarta. A kicin ɗin gidan yari kowace wuƙa tana da wurinta a jikin allo, an zana siffarta, ta yadda da kallo ɗaya za a ga gurbin wadda babu. Ba mai motsawa sai lissafi ya cika. Wato akwai wanda aikinsa shi ne ya miƙa wa ɗaurarre wuƙa mai kaifi da safe, ya koya masa yanka albasa da ita, ya karɓe ta da yamma. Yarda da taka-tsantsan a hannu ɗaya. Ban san wata makaranta da ke koyar da wannan da alli da allo ba.

Na ce to ita wanne take so a ciki, tunda na ga aikin ba ɗaya ba ne. Ta ce tsakanin biyu take. Na farko shi ne na jami'ar cikin gida, irin matar da ta rako mu. A Ingila da Wales ba a neman digiri kafin a ɗauke ka, shekara 18 dai da tsabtar tarihi. Za ka yi jarrabawa ta intanet, sannan a sa ka a wani wasan kwaikwayo inda wani zai fito a matsayin fursunan da ransa ya ɓaci ko ya yanke ƙauna, a ga yadda za ka yi da shi da baki. Akwai gwajin lafiya da na ƙarfi, ciki har da gudu tsakanin layi biyu masu tazarar mita 15, kana bin ƙarar na'ura da ke ƙara sauri. In ka tsallake, horo na kimanin mako 10, sai a ba ka makullai. Mako goma ya yi mini kaɗan, na kuma faɗa mata. A Norway shekara biyu ake horar da jami'in gidan yari yana karɓar albashi. Ta ce ta sani, shi ya sa take duba wani shiri mai suna Unlocked Graduates da aka kafa a 2016, wanda a lokacin yake ɗaukar masu digiri su yi shekara biyu a bakin aiki suna haɗawa da digiri na biyu.

Abin da ya ja ta, in ji ta, wani tsari ne da aka shigo da shi a gidajen maza, inda ake ba kowane jami'i fursunoni biyar zuwa shida su zama nasa, a ware masa minti 45 a mako saboda kowannensu. Ya san wanda uwarsa ba ta da lafiya, da wanda bai iya karatu ba yana ɓoyewa, da wanda ya daina cin abinci. A takarda haka yake. Ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci kuwa, irin wannan zaman ne ke fara faɗuwa, don buɗe ƙofa da rabon abinci da ƙirga mutane ba sa jira. Wannan ma na san shi. A asibiti, in hannu ya yi kaɗan, magani ba ya tsayawa, zama a bakin gadon mai jin tsoro ne ke tsayawa.

Na biyun shi ne aikin da a nan ake kira furobeshan. Ni da ita ɗaurin talala muke ce masa, don shi ne ainihin abin: mutum yana waje, yana yawo, amma igiya na ƙafarsa, kuma akwai mai riƙe da bakinta. Jami'in talala shi ke rubuta wa alƙali rahoto kafin a yanke hukunci, shi ke ganin wanda aka yanke wa aikin al'umma maimakon ɗauri, shi ke sa ido kan wanda aka saki da sharaɗi, kuma shi ke da nauyin cewa a mayar da wane ciki in ya karya sharaɗin. Ga mai digiri, horon wata 15 ne ko 21, gwargwadon abin da ya karanta, yana aiki yana karɓar albashi. Ta ba ni tarihin abin da na ji daɗinsa. A 1876 wani ma'aikacin ɗab'i mai suna Frederic Rainer ya ga yadda mashaya ke shiga kurkuku suna fita suna komawa, ya aika wa wata ƙungiyar coci mai yaƙi da shaye-shaye sule biyar, a yi wani abu a kai. Daga nan aka fara tura mutane kotunan Landan suna karɓar masu ƙananan laifi a hannunsu. A 1907 doka ta mayar da shi aikin hukuma, ta kuma ɗora wa jami'in abu uku: ya ba da shawara, ya taimaka, ya zama aboki. Aboki, a cikin dokar ƙasa.

Ba ta ɓoye mini wahalar da aikin ya sha ba. A 2014 gwamnati ta raba hukumar biyu, ta miƙa masu ƙaramin haɗari da matsakaici ga kamfanoni 21, ta riƙe masu babban haɗari. Abin bai yi ba, har a watan Yunin 2021 aka sake haɗe ta a hannun gwamnati, bayan ƙwararru da yawa sun bar aikin. Mutanen da ke ƙarƙashin talala a Ingila da Wales sun kai kimanin 240,000, kusan ninki uku na fursunoni kimanin 87,000 da ke ciki. Da gidajen suka cika maƙil a 2024, aka fara sakin wasu bayan sun yi kashi 40 cikin ɗari na wa'adinsu maimakon rabi, kuma duk wanda ya fito a kan teburin jami'in talala ya sauka. In ɗaya daga cikin mutanenka ya aikata mummunan abu, fayil ɗinka za a buɗe a bi layi-layi. Na kalle ta, yarinyar da ke kuka in an yanka kaza, na ce za ki iya kwana da wannan? Ta ce ba ta sani ba tukuna, amma ta fi so ta gwada da ta zauna tana tsoro.

Dattijon ya dawo da shayi, ya tambaye mu ko abincin ya yi. Na ce ya isar wa masu kicin cewa kifin ya yi ƙwarai. Fuskarsa ta washe. Shi da kansa ya ce saura masa 'yan watanni, kuma akwai wadda ke taya shi neman wurin aiki. A nan na fahimci cewa rabin aikin The Clink ba a cikin ɗakin nan yake ba. Kowane ɗalibi yana da ma'aikacin tallafi da ke fara aiki da shi tun yana ciki: takardar neman aiki, asusun banki, wurin kwana, yadda zai faɗa wa mai ɗaukar aiki tarihinsa ba tare da ƙarya ba. Ranar fita yakan tarye shi a bakin ƙofa, ya kuma ci gaba da bibiyarsa har wata 12.

Sai ka san yadda ranar fita take kafin ka gane nauyin wannan taryar. Shekara da shekaru, fam 46 ake damƙa wa wanda aka saki, sai a 2021 aka ɗaga zuwa fam 76. An ɗan ƙara daga baya, amma da ɗan kuɗin nan da jakar leda zai fito, ya je ya ga jami'in talalarsa, ya nemi ofishin gidaje, ya nemi likita in yana shan magani, duk a yini ɗaya. In ranar ta faɗo Juma'a, kafin ya gama layi ɗaya an rufe sauran sai Litinin, ga dare uku a titi. Abin ya yi muni har aka yi doka a 2023 da ta ba da damar sakin mutum kwana ɗaya ko biyu kafin Juma'ar. Tsofaffin abokai kuwa ba sa rufe ofis. Fiye da rabin manyan da suka yi ɗaurin ƙasa da shekara ɗaya suna sake aikata laifi cikin shekara guda, kuma ma'aikatar shari'a ta ƙiyasta cewa komawa laifi na cin ƙasar kimanin fam biliyan 18 a shekara. A binciken da sashen alƙaluman ma'aikatar ya fitar a 2019, cikin kowane mutum 100 da suka bi ta The Clink, 15 ne suka sake laifi cikin shekara, alhali cikin makamantansu da ba su bi ba, 22 ne. Bakwai cikin ɗari. Wani zai ce kaɗan ne. Ni da na sha wanke raunin wanda aka sara a hanya, na san abin da mutum bakwai ke nufi, da gidajensu, da gidajen waɗanda da su za su faɗa wa.

Duk da haka, ga abin da na faɗa mata a kan teburin, kuma shi zan faɗa wa duk mai tunanin wannan aiki. Ɗakin baƙi muka gani, ba tsakar gida ba. Waɗanda ke sabis ɗin nan zaɓaɓɓu ne, sun nema da kansu, sun kusa fita, suna da abin da suke tsoron rasawa. 'Yan taku kaɗan daga inda muke shan shayi akwai ɗakunan da aka gina don mutum ɗaya ana kwana biyu a ciki, akwai masu taɓin hankali da bai kamata a ce nan suke ba, akwai ƙwaya, akwai wanda ya yanke jikinsa da dare jami'a ɗaya ce za ta fara isa gare shi. Rahotannin masu binciken gidajen yarin ƙasar nan cike suke da wannan, ba ɓoyayyen abu ba ne. Jami'an kuma doka ta hana su yajin aiki tun 1994. Wanda ya ci kek ɗin tuffa ya fita da tunanin haka aikin yake, wata shida ba zai yi ba. Amfanin zuwa shi ne ka ga inda ake so a kai mutum, don ka san abin da kake jurewa dominsa ranar da aka tofa maka yawu.

Akwai kuma abin da ban faɗa mata ba, na ajiye wa ubanta. Fiye da ɗaya cikin kowane fursuna shida a Ingila da Wales Musulmi ne, alhali a ƙidayar 2021 Musulmi kashi 6.5 cikin ɗari ne na jama'a. Shi ya sa hukumar ke ɗaukar limamai aiki a gidajen. 'Ya'yan wasu ne da muke sallah sahu ɗaya da su, waɗanda in an tambayi uwar sai ta ce ya yi tafiya. Muna jin kunyar a ce 'yarmu tana riƙe makulli, amma ba ma tambayar wa ke riƙe da shi a kan nasu. Wasu a ƙasar nan sun daɗe da wuce wannan kunyar. Kamfanin Timpson mai gyaran takalma da yanka makulli, kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatansa tsofaffin fursunoni ne, kuma shugabansa James Timpson aka naɗa ministan gidajen yari a watan Yulin 2024.

Ga mai son zuwa: ka nemi wuri da wuri, ka duba ƙa'idojinsu kafin ka fito don suna iya sauyawa, ka zo da katin da sunan jikinsa ya yi daidai da wanda ka tura, ka iso kafin lokaci don ƙofofin ba sa sauri saboda kowa. Kar ka miƙa wa mai sabis kuɗi ko wani abu hannu da hannu, za ka ja masa matsala ne. In abin ya burge ka, ƙungiyar na karɓar gudummawa. Ka ware rabin yini, kar ka sa wani alƙawari a kusa.

Jami'ar da ta shigo da mu ita ta fitar da mu, ƙofa bayan ƙofa, kowacce sai ta ja ta da hannu. A ta ƙarshe 'yata ta tsaya ta tambaye ta shekararta nawa a aikin, da ko za ta sake zaɓarsa. Na ja baya na ba su wuri, ban ji amsar ba, na dai ga sun daɗe fiye da tsawon e ko a'a. Da na buɗe akwatin ajiya na kunna waya, kiran Yaya huɗu na tarar. Na kira shi daga tashar bas.

"To, kin yi mata maganar?"

Na ce, "Yaya, ka turo mini sunanka yadda yake a fasfo, da ranar haihuwarka."

Ya ce na mene ne. Na faɗa masa. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce shi ba ya shiga kurkuku da ƙafarsa, ya kashe. Har yau bai ce ya amince da aikin ba, ita ma ba ta gama zaɓa tsakanin makulli da talala ba, ko da yake kullum da asuba tana filin unguwarsu tana gudun mita 15 ɗinta. Ranar haihuwar dai ya turo, bayan kwana tara, ba gaisuwa ba komai, lambobin kawai. Na nema mana teburin mutum uku.